Arɗon Teksas Zai Sayi A-kori-kura

Gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa, zuwa ga Arɗon Teksas, Bafulatanin da ya jingine sanda a ruga ya kama sitiyari a Hiyustan. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan maruƙan da kake kiwo a cikin hotunan waya, tunda su kaɗai suka rage maka. Ni ne dai Babarbarenka na Zangon Barebari, wanda Allah ya ɗora wa nauyin riƙe maka hankali tun kaka da kakanni, ba kuwa don an biya ni ba.

Labari ya iso mana cewa ka tara 'yan daloli, kuma maimakon ka aiko a ƙara maka garke kamar yadda aka san ku, ka ƙudurta sai ka sayi a-kori-kura, irin narka-narkan nan na Amurka masu tsawon kusan mita 6 da faɗin mita 2. An ce kana can tsaye kana ruwan ido tsakanin Ford F-150, da Chevrolet Silverado da tagwaininta GMC Sierra, da Ram 1500, da Toyota Tundra. An kuma ce zuciyarka ta fi karkata ga Ram. Ban tambayi dalili ba, don na san shi. Akwai kan rago a tambarin motar da ƙahonsa a murɗe, kuma ɗaya daga cikin masu tsadarta sunanta Longhorn, sunan shanun Teksas masu dogon ƙaho. Ka ga ƙaho, shi ke nan lissafi ya ɓace. Kamfanonin nan kuwa kamar sun yi zaman ruga. Ford yana da samfurin King Ranch, sunan makeken gidan kiwon kudancin Teksas da aka kafa a 1853, mai fili sama da eka 800,000. Toyota yana da 1794 Edition, wato shekarar da aka kafa gidan kiwon da masana'antarsa ta San Antonio ke zaune a kan filinsa yau. Kowa ya raɗa wa motarsa sunan shanu, ya koma gefe yana jiran irinka.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kai ne fa in aka shiga kara da kai ba ka ko kallon ƙaho. Bakin sa kake buɗewa ka duba haƙora ka san shekarunsa, ka sa a kora shi ka ga tafiya, ka tambayi garken da ya fito da irin kiwon da ya samu. To ka ɗauki wannan wayon naka, shi kaɗai ne kake da shi, ka shiga da shi gidan sayar da mota. Tambarin da ke hanci ƙaho ne. Haƙoran su ne injin da ke ciki da shekarar da aka ƙera shi. A cikin kamfanonin nan huɗu babu wanda bai taɓa fitar da injin kirki ba, babu kuma wanda bai taɓa fitar da na jeka-ka-dawo ba, wani lokacin ma a shekara ɗaya, a jikin mota ɗaya.

Na san tambayar da ke cin ka tun ranar da ka sauka ƙasar: ina Hilux? Kaji ne suka tare mata hanya, Arɗo. A farkon shekarun 1960 kajin Amurka masu araha sun cika kasuwannin Turai, sai Faransa da Jamus ta Yamma da maƙwabtansu suka lafta musu haraji. Shugaba Lyndon Johnson, wanda shi ma ɗan Teksas ne mai gidan kiwo, ya rama da harajin kashi 25 cikin 100 a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su, ya fara aiki a 1964, kuma har yau ba a cire shi ba. Shi ya taimaka wa kamfanonin gida suka riƙe wannan kasuwa kankankan, shi ya sa baƙo irin Toyota sai da ya zo ya kafa masana'anta a wannan nahiyar kafin ya samu wurin zama. Ka ga ke nan, kai da ba ka ɗauki kaza a bakin dukiya ba, ita ta zaɓa maka motocin da za ka yi ruwan ido a kansu.

Mu fara da Ford, tunda ita ce babbar yaya. Tun 1977 babu sunan a-kori-kurar da ya kai jerin F ciniki a Amurka, ko da yake in aka haɗa Silverado da Sierra wuri ɗaya, General Motors yakan wuce gaba a wasu shekarun. Amfanin wannan yawa a gare ka a fili yake: kowane gareji ya san ta, kayan gyaranta kuma ko a ƙauyen da ba shi da masallaci za ka samu. Daga samfurin 2015 suka mayar da bodinta na alminiyam, ta rage nauyin kusan kilo 300, kuma ba ta tsatsa irin ta ƙarfe, sai dai shasin har yanzu ƙarfe ne. Ranar da ka goga ta a jikin ginshiƙi, kuma za ka goga, ba kowane mai gyaran bodi ne zai taɓa ta ba, sai wanda ke da kayan aikin alminiyam, shi kuwa ya san farashinsa.

Injinanta kowanne da halinsa. Mai lita 3.5 da turbo biyu, EcoBoost, shi ne gwanin jan kaya, amma na tsakanin 2017 da 2020 an san su da wata ƙarar kwaram-kwaram in an tayar da su da sanyin safiya, daga na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, kuma gyaranta sai an kwance gaban injin. Ƙanensa mai lita 2.7 ya fi shi kyakkyawan suna wajen makanikai, ya fi shi tattalin mai. Mai lita 5.0, silinda takwas ba turbo, shi ne na mai son kwanciyar hankali, duk da cewa na 2018 zuwa 2020 an yi ƙorafin suna shan baƙin mai. Giyabos mai giya goma da Ford da General Motors suka haɗa kai suka ƙirƙira, shi ma masu shi sun sha kukan yana fizga. A 2025 kuma Ford ya kafa tarihin yawan kiranyen motoci, wato kiran masu su su dawo da su a gyara aibi, a shekara guda. Abu ɗaya dai ya burge ni: samfurin PowerBoost mai haɗin fetur da batir yana iya ba da wuta har kilowat 7.2 daga bayansa. Lokacin da ƙanƙara ta kashe wa miliyoyin mutanen Teksas lantarki a Fabrairun 2021, akwai waɗanda suka jona gidajensu da motar suka kwana da ɗumi. Mu da muka san darajar janareto, wannan kam mun sara masa.

Silverado da Sierra uwa ɗaya uba ɗaya ne, Sierra ce kawai ta fi son kwalliya, kuma kai za ka biya kuɗin kwalliyar. Injinsu mai lita 5.3 tsohon hannu ne, mai sauƙin gyara, wanda ya daɗe yana cin dogon zango. Cikas ɗinsa wata dabara ce da suka sa wa manyan motocinsu tun 2007: in mota ta miƙe hanya ba kaya, sai injin ya kashe wasu silindodi don rage shan mai. Tafet ɗin da ke wannan kashewa da kunnawa su ne kan maƙale, in sun maƙale kuwa sai an ɗaga kan injin, wani lokacin har kamshaf ya tafi. Babban yayansa mai lita 6.2, wanda na san shi za ka nuna saboda gurnaninsa, a Afrilun 2025 aka yi wa motoci kusan 600,000 masu ɗauke da shi kiranye, na 2021 zuwa 2024, saboda aibi a karanshaf da sandunan fistin da kan sa injin ya buga ana tsakar tafiya. Suna da na dizal mai lita 3.0, Duramax, wanda ya fi duk sa'o'insa tattalin mai, kuma shi kaɗai ya rage a wannan aji tun da Ford ya daina nasa a 2021, Ram ya daina a 2023. Amma shi ma da nasa sharaɗi. Ban da dizal yana shan wani ruwan tace hayaƙi da ake zuba masa a tanki na dabam, ba ya son gajeriyar zirga-zirga ta cikin gari don matatar salansarsa kan toshe, kuma bel ɗin da ke juya famfon baƙin mai a bayan injin yake, ranar sauya shi sai an sauke giyabos.

Yanzu ga masoyiyarka. Gaskiya ɗaya ce, Ram ta fi su daɗin zama. Tun 2009 ta bar faifan sifirin na baya da sauran suka daɗe a kansa, ta koma naɗaɗɗen sifirin irin na ƙananan motoci, shi ya sa ba ta jijjiga mutum in ba kaya. Kai da ba ka da tsokar da za ta tare maka gargada, na gane abin da ya ja ka. Giyabos ɗinta mai giya takwas, ƙirar kamfanin ZF na Jamus, yana cikin waɗanda ake yabo. Kuma ga wani zumunci da ba ka sani ba: tun Janairun 2021 Ram da Peugeot gida ɗaya suke, ƙarƙashin Stellantis. Wato 'yar'uwar Fijon nan ce da ake harhaɗawa a Kaduna, a-kori-kurar da ke kai ku kasuwar ƙauye, ku da ƙoren nono da tumaki duk a baya. Sai dai zumuncin takarda ne, kada ka ɗauka ta gaji haƙurin Fijo 404. Injinta Hemi mai lita 5.7 yana da wata ƙara ƙyas-ƙyas da masu shi suka sani sarai, wani lokacin kusoshin bakin salansa ne suka karye, wannan da sauƙi, wani lokacin kuwa tafet ne ya fara cin kamshaf, wannan sai addu'a. Masu tsadar cikinta, irin wadda kake hari, ana iya sa musu jakunkunan iska a madadin sifirin, suna ɗaga mota suna sauke ta kamar raƙumi ya ji umarni, har ranar da iska ta fara zurara ka tarar da ita ta gurfana a ƙofar gida. A samfurin 2025 kamfanin ya cire Hemi ya sa sabon inji mai silinda shida da turbo biyu, Hurricane, wanda ya fi shi ƙarfi. Masu saye suka yi ta ƙorafi, a samfurin 2026 aka dawo da Hemi, shugaban kamfanin Tim Kuniskis ya fito ya amsa cewa sun yi kuskure. Sun kuma ba mai sayen farko garantin inji da giya na shekara 10 ko mil 100,000. Tayi ne mai kyau, amma ka tambayi kanka abin da ya sa mai haja yake rantsuwa tun ba a ce ya rantse ba.

Na san abin da za ka ce, don kowane ɗan ƙasarmu haka yake cewa: a sayi Toyota a huta. A kan tsohuwar Tundra, ta 2007 zuwa 2021, ban musa maka ba. Wani direba ɗan jihar Luwiziyana, Victor Sheppard, ya yi tafiyar mil miliyan ɗaya da tasa ta 2007 mai lita 4.7, wato kilomita miliyan 1.6, da injinta na asali, har a 2016 Toyota ya karɓe ta don ya kwance ya gani, ya ba shi sabuwa. Mai lita 5.7 ma haka sunansa yake. Sirrin ba wani asiri ba ne: sun yi shekara 15 suna ƙera kusan abu ɗaya, ba turbo, ba kashe silinda, duk aibin da zai fito ya fito an gyara. Kuɗin wannan amana a gidan mai ake biyansa, don da ƙyar take yin mil 15 da galan ɗaya, wajen kilomita 6 da lita. Ita ma ba waliyyiya ba ce: a 2016 Toyota ya amince da sasancin kusan dala biliyan 3.4 kan shasin Tacoma da Tundra da Sequoia na wasu shekaru da tsatsa ke cinyewa a jihohin da ake zuba wa titi gishiri lokacin ƙanƙara.

Sabuwar kuwa, wadda ta fito a 2022, wata mota ce dabam da ta ari sunan tsohuwar. An cire silinda takwas, an sa shida da turbo biyu. A Mayun 2024 aka yi wa kusan 102,000 kiranye, Tundra da Lexus LX, saboda ɓarɓashin ƙarfe da aka bari a cikin injin tun a masana'anta, wanda kan lalata mital har inji ya tsaya. Kamfanin ya yi abin da ya kamata, ya ce zai sauya injinan ɗungurungum kyauta, amma a ƙarshen 2025 sai ga ƙarin wasu sama da 120,000. In ka je ka biya farashin suna a kan ta 2022 kana tunanin labarin Sheppard ka saya, to jikar ka aura kana zaton kakar ce. Nissan Titan kuwa kada ka wahalar da kanka, an daina ƙera ta tun 2024.

To duk wannan maganar gareji ce, kuma a nan mutane ke ɓata. Suna ta gardamar wacce ce ba ta lalacewa, alhali a shekaru biyar na farko bakanike ne ƙaramin mai cin kuɗinsu, tunda galibi garanti na rufe mota duka shekara 3 ko mil 36,000, inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000. Manyan masu ci ba sa sa kayan aiki masu maiƙo. Ɗauko carbinka mu ƙirga. Matsakaicin farashin sabuwar irin wannan mota ya haura dala 60,000, Longhorn ɗinka ta fi haka nesa, amma mu tsaya a 60,000 don kada ka suma. Tun kafin ka murɗa makulli, jihar Teksas za ta karɓi harajin kashi 6.25 cikin 100, dala 3,750 ke nan. Sai faɗuwar daraja, wadda ba ta aiko da takardar biya, shi ya sa ba a ganin ta. Ka ƙaddara motar ta zubar da kashi 40 cikin 100 a shekara biyar, wanda ba abin mamaki ba ne: dala 24,000, wato 400 kowane wata, ko ka hau ko tana ajiye. A nan Tundra ta saba fin sauran riƙe daraja, Ram kuwa ta saba saurin sakin tata. Wannan ya fi yi muku ciwo, ku da kuka saba da dukiyar da in an ajiye ta shekara take haihuwa.

Sai bashi. Dillalin zai yi maka murmushi, ba zai ambaci 60,000 ba, zai tambaye ka nawa za ka iya biya a wata, sannan ya ja maka igiya zuwa wata 72 ko 84 har lissafin ya yi kama da sauƙi. In ruwan kashi 7 ne a wata 72, za ka riƙa biyan wajen dala 1,020 duk wata, ruwan kaɗai ya haura 13,000. Kuma a shekarun farko bashin da ke kanka kan fi abin da motar za ta yi a kasuwa, ko ka so rabuwa da ita sai ka cika kuɗi. Ban ma shiga hukuncin kuɗin ruwa ba. Kai ne kullum kake mana tinƙahon jikan malamai, kana mantawa sarakunanmu sun karɓi Musulunci tun ƙarni na 11, lokacin kakanninka suna neman mashaya. Ka je ka tambayi limaminku na Hiyustan kafin ka sa hannu, kada ka zo daga baya kana ce mini ba ka fahimci Turancin takardar ba.

Mai kuma lissafinsa ko kai za ka iya. In kana yin mil 15,000 a shekara, motar da ke yin mil 15 da galan za ta sha galan 1,000, mai yin mil 20 za ta sha 750. In galan dala 3 ne, bambancin dala 750 ne a shekara, 3,750 a shekara biyar. Ka ga ke nan tsohuwar Tundra tana karɓa a famfo wani kaso na abin da ta yafe maka a gareji, sai dai ita ba ta barin ka a gefen hanya. Ka ƙara inshora, wadda ke bin tsadar mota da tsadar gyaranta. Ka ƙara tayoyi huɗu masu inci 20 ko 22, da juyen baƙin mai lita 6 zuwa 8 kowane zuwa. In ka tara duka za ka ga abin da ya raba mota mai araha da mai tsada, yawanci tun ranar saye aka yanke shi, a kan kujerar fata da rufin gilashi da ka ce sai an sa.

Yanzu tambayar da kake gudu: me za ka ɗauka? Kamfanin bincike na Strategic Vision ya taɓa gano cewa kusan kashi 75 cikin 100 na masu irin waɗannan motoci ba sa jan tirela fiye da sau ɗaya a shekara, wasunsu ma ko sau ɗayan. Kai kuma na san kayanka: buhun shinkafa, galan-galan na madarar kanti da kake sha kana ƙorafin ba ta kai kindirmo ba, sai ragon layya. Ragon nan kuwa akwai shagunan kayan gini da ke ba da hayar a-kori-kura na awa guda a kan 'yan daloli. In kuma mafarkin ɗaukar sa kake yi, bayan mai ƙofa huɗu da aka fi saye wajen mita 1.7 ne kawai, sai dai ka naɗe shi. Ka buɗe ƙofar direba ka karanta 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ita ke faɗin nauyin da wannan motar takamaimai za ta ɗauka, kuma kai da fasinjojinka kuna ciki. Duk ƙyale-ƙyalen da aka ƙara mata daga wannan adadin ake cirewa, shi ya sa sau da yawa farar motar leburori ta fi ta alhazai ɗaukar kaya. A nan dai ka ci riba, tunda nauyinka bai kai a sa shi a lissafi ba.

In kuma ta hannu za ka saya, wanda shi ne shawarar masu hankali, to ka shiga da ido biyu. Kowace mota tana da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 17. Ka sa ta a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, NHTSA, kyauta za ta nuna maka kiranyen da ba a gyara ba. Ka nemi tarihinta a shafin Carfax, don garinku ne guguwar Harvey ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci a Agustan 2017, kuma ambaliya ba ta daina ziyartarku ba. Motar da ta sha ruwa tana iya sheƙi a waje, wayoyinta na ruɓewa a ciki. Ka nemi takardun juyen mai, don tafet da turbo duk da tsabtar baƙin mai suke rayuwa. Ka duba awannin da injin ya yi yana aiki, ba mil kaɗai ba, saboda motar kamfani kan wuni a kunne a tsaye. Ka je da sassafe a tayar da ita a gabanka tun injin na da sanyi, ka kashe rediyo ka kasa kunne. Sannan ka biya bakaniken da ba ya cin abinci a gidan dillalin ya ɗaga ta ya leƙa ƙasa. Wannan kunyar taku ta gado ka bar ta a gida ranar, don dillalin Teksas ba ya jin kunyar mai jin kunyarsa.

An kuma tsegunta mini wai in ka gama yayinta za ka sa ta a jirgin ruwa ka kawo gida, a gan ka da ita ranar sallah. Madalla. Babban tankin F-150 galan 36 ne, lita 136, kuma tun Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Ka je ka tambayi farashin lita ka ninka, sannan ka gaya mini sau nawa za ta fita a wata. Ka zaga kasuwannin kayan gyaran mota na Ƙofar Ruwa da Fanteka ka tambayi jakar iskar Ram ko tafet ɗin Silverado, za a ba ka kujera da ruwan sanyi, a ce a jira saƙo daga kasuwar Ladipo, in Ladipo ta rasa a jira jirgi. Mai gyaran bodi zai kalli alminiyam ɗin Ford ya kalli wutar kabaid ɗinsa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Tsohuwar Tundra ce kaɗai ke da dangi a nan, don injinta mai lita 5.7 shi ne a cikin Lexus LX 570 da manyanmu ke hawa. Lungunan cikin birni kuwa ba sai na faɗa ba, sai dai ka ajiye ta a bakin ganuwa ka ƙarasa a adaidaita.

Ga hukuncin ubangida, ka rubuta. In da gaske akwai tirelar da za ka riƙa ja, kuma kana son motar da za ta tsufa a hannunka, nemi Tundra ta 2018 zuwa 2021 wadda ba ta zauna a jihohin gishiri ba, ka haƙura da shan manta. In kana son daidaito tsakanin farashi da mai da sauƙin kayan gyara, F-150 mai lita 2.7 ko 5.0, matsakaiciya, ba mai kujerar sarauta ba. Silverado mai lita 5.3 ba laifi in takardun juyenta sun cika, mai 6.2 kuwa kada ka taɓa sai ka ga shaidar an yi mata aikin kiranye. Ram ka hau ta muddin garanti na raye, ka sallame ta kafin ya cika. In kuma amsar ita ce shinkafa da madara, to Ford Maverick mai haɗin batir tana da bayan da zai ɗauke su, kuma tafiyar da take yi da galan ɗaya ta kusa ninka ta manyan, a kan kusan rabin farashi. Canjin ka aiko a saya maka karsana, ka ga dukiyar da ka iya lissafinta.

Na san dai ba ji za ka yi ba. Wata mai zuwa za mu ga hotonka ka ɗare Longhorn da malafar kaboyi, ƙafarka na neman totur. Ba komai, shawara na bayar, kuma a gidanmu ba a dillanci kyauta. La'adata bijimi ɗaya ne, lafiyayye, ni zan zaɓa da kaina, a kawo shi Zangon Barebari kafin babbar sallah. In kana da ja, filin nan a buɗe yake, ka samu wani yaron Barebari a can ya rubuta maka amsa.